Awon da Muka Manta

Taman Melati,
Kuala Lumpur.

Zuwa ga Gwaggona Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gidanmu na Yawuri. Yaya ƙafa? Datti ya ce damina ta sake tayar miki da ita. Allah Ya ba ki sauƙi, Ya sa kaffara ne, Ya ƙara miki nisan kwana. Jikarki Khaulah lafiya lau, ta shiga aji uku, Hausarta dai sai addu'a, ki yi mata magana ta amsa miki da yaren mutanen nan. Ke kuma Hafsa da za ki karanta wa Gwaggo, ki bi a hankali, kada tausayi ya sa ki tsallake mata komai.

Saƙonki ya iso, na kuma ji faɗan. Kin ce na riƙe miki ɗa a ƙasar mutane yana jinya, na zuba masa ido yana wasan jirgi kamar yaro. Da zan ce ban ji zafi ba na yi ƙarya, don sai da na shiga kicin na yi kukana. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A waya ba na iya buɗe baki, Abban Khaulah yana kusa kullum, kunnensa kuwa ciwon bai taɓa shi ba. Gaskiyar da ba a gaya miki ba ita ce wannan: ciwon jijiyoyin nan ba shi da magani. Ya gama da ƙafafu, yana cin hannuwa, jiya ni na riƙe masa cokali. Likita ta ce saura ƙirji, kuma ranar da numfashi ya fara wahala babu jirgin saman da zai yarda ya ɗauke shi. Ta ba mu wata biyu ko uku mu yi haramar gida. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi gaba ta kwana biyu, amsarsa ɗaya ce: ba zai koma ba sai da jirginsa.

Ki bari in yi miki bayanin jirgin, don ba irin namu ba ne. Ƙarami ne, bai wuce gaba uku da rabi ba, ba a tuƙa shi da hannu, ƙyalle ake ɗaga masa a kan doguwar sanda iska ta tura shi. Idan an gama sai a ɗora shi a kan tayoyi a ja shi da mota a kai gida. A cikinsa akwai ɗan ɗaki mai rufi da wurin kwana. Shekara huɗu da suka wuce muka ga irinsa a bakin teku a Port Dickson, tun yana tafiya da ƙafarsa yana karatun digirinsa. Tun a ranar ya ƙudurta sai ya kai ɗaya Yawuri, mu riƙa kwana a kan ruwa mu uku. Kin san jininku da ruwa. Da ciwo ya kwantar da shi, maimakon maganar ta mutu sai ta zama abincinsa. Ya ce ƙafa ba ta tuƙa irin wannan jirgin, ƙaninsa Datti zai riƙe igiya, shi kuma ya kwanta a ciki yana jin ruwa yana bugun katako.

Guda uku ya samu na sayarwa, to a nan aiki ya same ni. Ya sa na ture kujerun falo, na sayo salatif kala uku, na zana ɗakin kowane jirgi a ƙasa daidai girmansa. Shi yana kan kekensa na marasa lafiya yana ba da umarni, ni ina rarrafe. Masu jiragen suna turo awo da lambobi, shi kuma sai ya mayar da shi kamu da gaba, wai awon da Kaka ya koya masa wajen sassaƙa kwalekwale shi ne kansa yake ganewa. Wata bakwai falona yana haka. Baƙi su zo sai an nuna musu inda za su taka, kada su tsaya a cikin ruwa. Sau nawa na taho da shinkafa daga shagon abincin nan na mamak da ke ƙasan benenmu don ban samu sukunin ɗora tukunya ba, ina can kwance a ƙasa ana gwada tsawon gado da ni.

Na farko, mai jan salatif, gadonsa yana can a goshin jirgi, faɗi wajen kai, tsukakke wajen ƙafa. Matsalarsa wani dogon akwati ne a tsakiyar ɗaki, inda ake ɓoye allon da ake saukarwa cikin ruwa don kada iska ta kwantar da jirgin. Akwatin ya raba ɗakin biyu, miji can mata can, kamar masu jiran alƙali. Ga kuma bokitin bayan gida a ƙarƙashin gadon, daidai wajen kai. Na ce wallahi ban ga abin da zai sa in kwana a kan masai ba, ko a jirgin sarki ne. Na biyu, mai shuɗi, shi ya fi burge ni: bayan gida mai ƙofarsa, da ɗan wurin ɗora risho. Amma wurin da suka cinye sai aka rage shi daga gado, rabin jikin mutum yana zurawa cikin wani kogo a ƙarƙashin wurin zaman waje. Ya tambaye ni, in ya shiga kogon nan ta yaya zan juya shi in gefe ɗaya ya gaji. Nan take na cire raina daga rishon.

Na uku, mai rawaya, shi ya zaɓa. Ba shi da ado, ba shi da ƙofar bayan gida, labule ne kawai. Amma allon nan a ƙarƙashin daɓe yake, tsakar ɗaki a buɗe, ga dogon benci a dama kamu huɗu da rabi, da wurin da zan durƙusa a gefensa. Rufin kuma ana ɗaga shi sama, har in iya yin salla a tsaye in ruwa ya kwanta. Ranar da ya yanke shawara ya sa na shimfiɗa masa bargo a cikin zanen bencin, muka kwantar da shi, ya yi barcin azahar a nan. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin asibiti. Ki gaya mini, Gwaggo, da wane baki zan ce masa ya daina?

Asabar da ta wuce Malam Abdulnasir, ɗan kasuwar nan na Cheras da kika sha jin sunansa, ya ɗauke mu da safe zuwa wajen Klang, gidan mai jirgin. Dattijo ne Bamalaye, Pak Razali, mutumin kirki, duk abin da muka tambaya a waya sai ya ce boleh, wato zai yiwu. Jirgin yana tsakar gida a kan tayoyinsa, ya wanke shi fes saboda mu. Yana da tudu, sai da aka kira maƙwabta biyu, su huɗu suka ɗaga Abban Khaulah suka zaunar da shi a wurin zaman baya. Ya shafa gefen jirgin da bayan hannu yana murmushi. Sai Pak Razali ya zare murfin ƙofar ɗakin.

Gwaggo, ƙofar faɗinta kamu ɗaya ne da 'yan yatsu. Dokin ƙofar ya kusa kai gwiwa, bayansa kuma matakala uku ne a miƙe kamar tsani. Mai lafiya ma sai ya sunkuya, ya juya baya, ya riƙe gefe biyu, sannan ya sauka. An gwada ta ƙafa, kafaɗu suka tokare, kansa ya faɗa baya don wuyan ba ya riƙe shi sosai yanzu. An gwada ta kai, na ce su bari, kada su kashe min miji. Dattijon nan mai boleh ya sunkuyar da kai ya ce tak boleh, wato ba zai yiwu ba, a hankali, kamar shi ya yi laifin. Wata bakwai muna awo. Mun auna tsawon gado, faɗinsa, tsayin rufi, har inda za a rataye buta. Babu wanda ya tambayi ƙofa. A falo salatif ne a ƙasa, kekensa yana bi ta kai ya shiga ta inda ya ga dama.

Na zaci zai yi kuka, sai ya yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo. Ya ce wa Malam Abdulnasir Kaka ya yi shekara arba'in yana sassaƙa, bai taɓa fafe wa jirgi ƙofa ba, don kwalekwale ta ko'ina ka zo ka shiga. Ya ce duk karatunsa ashe da idon Basarke, jikan masu kwalekwale, yake kallon jirgi. Ni ma fa 'yar gidan ce, a bakin ruwan nan na girma, ni nake kiran masu jiragen, ban taɓa tunawa ba. Wannan abin zai daɗe yana cina. Can sai ya dube ni ya ce, "Murja, shiga ki kwanta a kan bencin, ki gaya mini yadda yake." Na shiga na kwanta. Daidai yake da awonmu, ko yatsa bai ragu ba, ga 'yar taga daidai ido. Daga nan nake hango shi ta ƙofar, Malam Abdulnasir ya tallafe masa kai. Na ce masa yana da daɗi. Ba ƙarya na yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

A hanya ruwan la'asar ya sauko, a cikinsa muka iso gida. Washegari ya ce in ɓamɓare salatif ɗin duka, in mayar da kujeru. Na ce ko a nemi wani mai faɗin ƙofa, ya ce duk ƙananan haka ake yin su don kada ruwa ya shiga, kuma ko an samu, kafin ya iso Yawuri shi ba ya buƙatarsa. Tun ranar bai sake ambaton jirgi ba, abincinsa ma ya ragu. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo na samu, ya ce mu tafi gida, amma ban ji daɗi ko ƙwayar zarra ba. Za mu taso ƙarshen wata mai kamawa in Allah Ya yarda. Kada ki sa rai za ki ga wanda kika raka tasha. Ki yi kukanki tun yanzu, don in ya ga hawayenki ba zai iya ɗaga hannu ya share miki ba.

Ya roƙi abu ɗaya: ɗakin marigayi Baba, wanda tagarsa take kallon kogi. A share shi, a matsar da gado jikin tagar. Ni kuma ga nawa roƙon, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Faɗin kekensa kamu ɗaya ne da rabi. Ki sa Datti ya auna ƙofar zaure, da ta tsakar gida, da ta ɗakin, da tsayin kowane dokin ƙofa, ya turo mini a makon nan. Wadda ba ta kai ba a fasa ta kafin mu iso, ko wa zai yi magana. Ba zan iya sake ganinsa zaune a bakin ƙofa yana leƙen gadonsa ba.

Ki gaida Kawu Al-Amin da iyalinsa, da Datti da mai ɗakinsa, da A'ishatu da yaranta, da Hafsa mai karatu, Allah Ya yi mata albarka. Khaulah tana gaishe ki. Ɗanki ya ce in ce miki ki yafe masa daɗewar da ya yi. Ki sa mu a addu'a, Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Murja