Ranar da Akushinka Ya Daina Fita

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗanladi mai atamfa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uba, na san babu mai kai maka wannan takarda inda kake kwance a Bibemi. Amma maganar ta daɗe tana cin raina, Baba, gara in rubuta ta.

Ka tuna ciyayyar ƙofar gidan maƙwabcinmu Alhaji Sambo, a Garwa. Ana idar da magariba ku magidanta bakwai za ku hau tabarma ɗaya, a fito wa kowa da akushinsa daga gida, a jera a tsakiya, hannu ya shiga ko'ina. Hausawa huɗu, Fulani biyu, sai Babarbare ɗaya da ba ya gajiya da tsokana. Hira rabi Hausa rabi Fulatanci. Ni ke kai naka, ina tafe ina yanga, don duk unguwa an san miyar Inna.

Sai Faransawa suka miƙa mulki, aka tsaurara iyaka, hanyar Mayo-Oulo da kake shigo da atamfa ta mutu. Murhunmu ya fara wuni ba wuta. Duk da haka akushinka bai taɓa fashin fita ba. Da la'asar Goggo Dudu, matar Alhaji Sambo, za ta miƙo ƙwarya ta kan katanga, gobe wata maƙwabciyar ce, Inna ta juye a akushinka ta ja mini kunne. Kai kuma ka zauna cikin mutanenka kana cewa bismillah, a ci.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ina zuwa lekol, makarantar boko, na iya 'yan kalmomin Faransanci, ina jin duk gidan ba mai wayona. Ranar nan na yi nawa wajen kai abinci, ka yi mini faɗa, ka ce so nake in kunyata gidanka a gaban jama'a. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na ce wace kunya kuma ta rage, tuwon ma na gidan Alhaji Sambo ne.

Ba ka doke ni ba, da ma ka doka. Ka dubi akushin, ka dubi Inna, ka shige ɗaki. Kwana uku Alhaji Sambo yana zuwa da kansa yana sallama, kana aika masa cewa ba ka jin daɗi. Kafin damina ta sauka ka kwashe mu zuwa Bibemi noma, kai da hannunka bai san fartanya ba. A can kake cin abinci kai kaɗai a zaure, ba ka ko gama rabinsa. Shekara uku ka yi a haka, Allah Ya karɓi abinsa.

Duk tsawon lokacin nan na ɗauka na faɗa maka abin da ba ka sani ba ne. Sai da Goggo Dudu ta zo ta'aziyya, ta same ni a bayan ɗaki ina kuka na gaya mata abin da na faɗa maka. Ta ce tun ranar farko ka sani, wane miji ne ba zai gane hannun matarsa a miya ba? Ku bakwai ɗin duk kun sani. Ta ce shekarar da cuta ta cinye shanun Alhaji Sambo, ni ina goye a bayan Inna a lokacin, wata biyar tuwon Inna yana tsallaka katangar nan, kuma kai ka ba da umarni.

"Kowa ya sani, 'yata," in ji ta. "Ba a dai faɗa ne."

Ashe haka ake zama cikin mutane, Baba. Yau kai ake rufa wa asiri, gobe kai ke rufawa, kowa ya kau da kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Mutum shida da matansu suka riƙe bakinsu dominka, ni 'yar cikinka na kasa. Abin da na ƙwace maka shi ne damar yin kamar ba ka sani ba, kuma da ita kake iya zama a tabarmar nan.

Ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma kunya ta hana ni neman gafararka har ka tafi. Yanzu nake nema. Ka yafe mini, Baba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya rufa maka asiri ranar da ake tona na kowa, Ya tashe ka cikin mutanenka.

Ɗiyarka mai kewarka,
Rabi