Maigidana Zai Bi Yahudawa Maroko da Rediyonsa

Iya, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Maigidana tsohon malamin lantarki ne, muna zaune a Ƙofar Kuyambana, cikin Zariya. Tun kafin ya aure ni yake da wani rediyo na magana, irin wanda ake kiran mutanen wasu ƙasashe ba tare da waya ba. Yana da lasisi, eriyarsa ma ta fi bishiyar darbejiyar gidanmu tsawo.

Ta wannan rediyo ya yi aboki, wani dattijo Bayahude mai suna Shimon da ke zaune a Faransa, amma haifaffen Maroko ne. Sun yi shekaru suna hira da Larabci ba su taɓa ganin juna ba. Yanzu mutanen majami'arsu za su je ziyarar kaburburan kakanninsu a ƙauyukan kan duwatsun Maroko inda babu sabis na waya, shi ne suka gayyaci Malam ya zo da ƙananan rediyoyinsa na hannu don motocinsu su riƙa jin juna. Tunda aka yi maganar sai murna yake yi kamar yaro.

Ni kuwa abinci ma ba ya shiga. Shekarun baya wani ya kai ƙararsa saboda eriyar nan, jami'an tsaro suka zo suka tafi da shi ina goyon ɗanmu Haisam. Sai da ya nuna takardunsa aka sako shi, kuma nan gida ne fa, inda aka san ubansa. To a ƙasar mutane wa zai tsaya masa? Baƙo, da na'ura a jaka, cikin ayarin Yahudawa, a wannan zamani. Idan aka ce ɗan leƙen asiri ne fa? Ƙanwarsa Rahmatu ta ji labari ta zo ta ce in unguwa ta sani ko gaisuwa za a daina yi mana. Na so in yi masa magana, sai na same shi yana goge rediyon yana murmushi, na koma ɗaki. Yana da hawan jini. Iya, in hana shi ne ko in yi shiru?

Mai Fargaba, Birnin Zariya

'Yata, tsoro biyu kika haɗa wuri ɗaya, bari mu raba su.

Na rediyo gaskiyarki ce. Lasisin Nijeriya a Nijeriya yake aiki, kowace ƙasa da dokarta, kuma akwai inda ake ƙwace irin wannan na'ura tun a filin jirgi, a tsare mai ita. Malam ya nemi izini a rubuce daga hukumar sadarwar Maroko tun yanzu, izinin da ya ambaci sunansa da kowace na'urar da zai shiga da ita. Masu gayyata su taya shi nema, tunda su ke da buƙata. In ya sauka ya nuna wa kwastan da kansa kafin su tambaya. Kada ya kunna ta kusa da barikin soja ko kan iyaka. Ya ga likita kafin tafiya, ya bar miki lambar shugaban ayarin.

Na bakin unguwa kuwa, ki sassauta. Tsofaffi ne za su je gaida kakanninsu da suka rasu, ba yaƙi za su ba. Mutumin da ya riƙe zumunci da mijinki shekaru, a mutunta shi. Amma ba sai an yi shela ba. Ki roƙi Rahmatu ta bar zancen a cikin gida.

Kada ki hana shi, kada kuma ki yi shiru. Yau ki zauna ki gaya masa abin da kika ji ranar da aka tafi da shi, wataƙila bai taɓa sani ba. Sannan ki nemi alkawari ɗaya: in takardar izini ba ta zo ba, shi ya tafi ya ga abokinsa, rediyo ya zauna a Zariya.

Allah ya kai shi lafiya, ya dawo miki da shi lafiya.

Iya