Irin Kulobar Noeline

Geeveston, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Fergus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Tamsin. Ni ma lafiya, ban da sabuwar gwiwar da likitoci suka sa mini, wadda har yanzu ba ta yarda ni ne mai ita ba.

Jiya aka sallamo ni. Maƙwabcinmu Doug ya ɗauko ni, tun daga ƙofar gona na hango aikinka. Kai Fergus! Cewa na yi ka yanke kuloba, ciyawar nan mai jan fure da ke tsakanin layukan tuffa, ta kwanta ta zama taki. Ban ce ka yi wa gonar aski ƙwal ba. Layin ƙarshe na bakin rafi, shekara talatin da ɗaya ba a sa masa inji sai furen ya bushe. A nan mahaifiyarka Noeline take tsinko iri, ta cika rigar matashin kai, ta rataye a rumfa har shukar Afrilu. Tun da ta rasu ni nake yi. Kai kuwa ka bi ta kansa yana ja wur, ƙudan zuma na ciki.

Na sani, littafinku na jami'a ya ce a yanke tana cikin fure. Ni da na bar makaranta a aji takwas, don malamin ya gaji da ganina, na san ciyawar nan shekara ɗaya take yi. In ba ta zubar da iri ba, ta tafi ke nan. Kuma kada ka ce mini ana sayarwa a kanti. Na kanti ba daga hannun Noeline ya fito ba.

Kada ka zo yanzu. Ina da sanda a hannu.

Mahaifinka,
Merv

27 ga Nuwamba

Fergus,

Gaisuwa da fatan alheri, tunda an koya mini haka ake farawa. Yaya Tamsin?

Wasiƙarka ta iso. Wai ban taɓa gaya maka zancen layin nan ba. Sai an gaya maka? A gidan nan ka girma, ko a otal? Na karanta wa Doug don ya taya ni faɗa, sai tsohon banzan ya ce, "Merv, kai da ko karenka ba ka gaya wa inda za ku?" Na kore shi, amma sai da ya gama cinye mini gasasshen naman rago.

Na kakkaɓe rumfa kaf, ko zan samu ragowar irin bara. Kashin ɓera na samu, cikin cokali guda.

Tamsin ta bugo waya, ta ce ba ka cin abinci. Ka ci. Yunwarka ba za ta tsiro da komai ba.

Mahaifinka da bai huce ba,
Merv

15 ga Disamba

Ɗana Fergus,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Karanta da sauri.

Yau na iya takawa har rafi. Ka san bayan ɗakin famfo, lungun da tarakta ba ta iya juyawa? Mai aikin kirki sauka yake yi ya ƙarasa da hannu. Kai ba ka sauka ba. Ka bar kulobar wurin a tsaye, faɗin gado biyu, ka yi tafiyarka shan shayi. Wannan ha'inci ne, kuma ni ban koya maka shi ba.

Kawunan furen sun bushe ƙarau, ka taɓa iri ya zubo maka a tafin hannu. Na sunkuya zan tsinka, sai ga ni a ƙasa. Can Doug ya same ni a kwance, yana tambaya ko nan na zaɓa a binne ni.

Rediyo ya ce iska mai ƙarfi za ta taso ranar Lahadi. In ta riga mu, rafi zai kwashe sauran. Don haka ka zo Asabar da safe, bayan raɓa ta ɗauke. Kada ka ɗauka na yafe. Kai za ka durƙusa ka tsinka ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye a kanka ina faɗa har ka iya.

Ka gaida Tamsin.

Naka, mahaifinka,
Merv