Gwajin da Na Yi da Sunan Ƙanena

Tunja, 3 ga Yuni

Ƙanena Nicanor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da matarka Herminia da gonar dankali kuna lafiya.

Na cika umarninka. Kamar bara da bara waccan, na ɗauki katin shaidarka na je gwajin zuciyar da masu shirya tseren keke suka wajabta, tunda kai ba ka iya barin gona, kuma Allah ya yi mana hanci iri ɗaya. Na kwanta da sunanka, aka manna mini wayoyi a ƙirji.

Bana sabuwar likita ce, irin masu karanta takarda kafin su buga hatimi. Ta daɗe tana duban zanen, sannan ta ce, "Malam Nicanor, an taɓa mutuwar farat ɗaya a gidanku?" Na ce babanmu, yana shekara arba'in da huɗu, da fartanya a hannu. Ta ce bugun zuciyar yana sarƙewa, abin yana bin jini, kuma hawan dutse na iya tsayar da ita. Ta aika wa masu tsere sunanka. An hana ka hawa.

Ta tambaya ko ina da ɗan'uwa. Na ce ina da yaya, malamin tarihi, rago. Ta ce lallai a kawo shi.

Ka zo da naka ƙirjin a duba. Ka gaishe da gida.

Yayanka, Evaristo

Socotá, 9 ga Yuni

Yaya Farfesa,

Muna lafiya. Aiki ɗaya na ba ka, ka kwanta kawai, shi ma ka faɗi! Taka zuciyar ce kofi da littattafai suka cinye, ba tawa ba. Shekara ashirin ina hawan duwatsun nan. Ba zan kai kaina a ce mini in zauna kamar tsohuwa ba.

Wani da ya yi rajista ya karye a ƙafa. Zan hau da lambarsa da sunansa ranar ashirin da biyu. Ka sha maganinka.

Nicanor

Tunja, 14 ga Yuni

Nicanor,

Ina gaishe ka, ko da kai ka yi rowar gaisuwa.

Na koma na faɗa wa likita gaskiya. Ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina aji uku. Herminia kuma ta rubuto mini cewa sau biyu ana tsintar ka a gefen hanya, kai a ƙasa, kana cewa yunwa ce. Baba ma yunwa yake cewa.

Na karanta labarin sarakuna da yawa da taurin kai ya kashe, amma ko ɗayansu ba ƙanena ba ne. Gwajin minti goma ne. Ka zo kafin Lahadin tseren, don Allah.

Yayanka, Evaristo

Tunja, 24 ga Yuni

Ƙanena,

Ba ka zo ba, ba ka amsa ba. Jaridar yau ta ce mahayi ɗaya ya faɗi a hawan ƙarshe, aka ɗauke shi bai san inda yake ba. Ta buga sunansa. Na karanta sau goma, ban san shi ba.

Ba ka gaya mini sunan da ka ara ba.

Ina bin motar safe. Allah ya sa kai za ka buɗe mini ƙofa.

Evaristo