Cibiyar Garzali a Tukunyar Fure

Greensboro, Fabrairu 1986

Ƙanwata Khadijatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya mutanen Zariya, ya maigidan, ya babban mutum Garzali? Ke kuma tun da kika zama malamar jami'a sai wasiƙarki ta yi tsada.

Wata matsala ce ta taso. Furen Kirsimetin nan da kika bar mini ba shi da lafiya. Bana fure uku kacal ya yi, ganyen duk ya yi yaushi. Mama Odessa, tsohuwar da ta ba ki shi kyauta, ta zo ta duba. Ta ce ƙasar ta daskare, saiwar na ruɓewa, dole a sake tukunya a zubar da tsohuwar ƙasar kaf. Na ce mata to kawai.

Yaya zan yi mata bayani? Kin tuna ranar da cibiyar Garzali ta faɗi, a ɗakinku na unguwar Glenwood, hawa na biyu, ko taƙin fili babu? Muka rasa inda za mu binne ta, ƙasar waje ta ƙanƙare. Muka tona tukunyar nan da cokalin shayi, muna dariya muna hawaye, kina cewa da surukarki Goggo za ta gan mu sai ta sume.

In na bar ƙasar furen zai mutu, ita kuma ba abin zubarwa a shara ba ce. Me kika ce?

Yayarki,
Zainabu

Zariya, Maris 1986

Yaya Zainabu,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da Malam Abdulhamid. Ɗanki yana lafiya, ya shiga aji uku.

Na karanta wa surukata Goggo wasiƙarki. Ba ta sume ba, amma ta yi salati ta daɗe tana tafa hannu. Ta ce yanzu ta gane abin da ke damun yaron nan. Kullum zancensa Amurka: dusar ƙanƙara, bas ɗin gari, da Anti Zainabu mai soya masa dankali. A makaranta yana faɗa wa yara shi baƙo ne, zai koma. Goggo ta ce inda cibiyar mutum take, can zuciyarsa take kwana.

Ni dai ban ce na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba. Amma Yaya, shi kaɗai gare ni, kuma ina tsoro. Malam Sanusi, ɗalibin nan ɗan garinmu da ke wajenku, zai dawo gida da zarar ya ƙare digirinsa. Ki taimaka ki ba shi ƙasar, a binne ta a gidan kakansa.

Furen kuma ki yi masa yadda Mama Odessa ta ce. Wallahi ina kewar tagar nan, da jan furen idan sanyi ya shigo.

Ƙanwarki,
Khadijatu

Greensboro, Mayu 1986

Khadijatu,

Gaisuwa da fatan alheri. An sake wa furen tukunya. Ni da na sayo wata ƙatuwa, Mama Odessa ta yi ta dariya, wai shi ba ya son yalwa, sai wadda ta ɗan fi tsohuwar kaɗan, mai huda a gindi. Muka kife tukunyar a kan jarida, muka yanke ruɓaɓɓun saiwoyin, muka haɗa sabuwar ƙasa da yashi da ɓawon itace. Ta hana ni ba shi ruwa sai bayan ya huta. Ga shi nan har ya fara toho.

Da ta tafi na zauna na murtsuke tsohuwar ƙasar da yatsuna. Babu komai, Khadijatu. Ta zama ƙasa. Na juye ta duka a gwangwanin madara.

Malam Sanusi ya zo sallama, ya tambayi ƙasar. Na shiga ɗaki, na ɗauki gwangwanin, na ajiye, na fito na ce masa ban shirya ba. Kada ki ɗora masa laifi, ko ki ce tsoron kwastan ne. Ni ce na kasa.

Kin san Allah bai ba ni haihuwa ba. Shekara uku yaron nan yana bayana kina aji, har zanen goyona ya koɗe. Ranar da kuka tafi, Malam Abdulhamid ne ya riƙo ni zuwa mota. Abin da ya rage mini na Garzali ke nan. Na ji kunya, amma gara in faɗa miki gaskiya. Ɗanki ne, hakkinki ne. In kin sake cewa in aiko, wallahi zan aiko.

Ki yafe mini,
Zainabu

Zariya, Yuni 1986

Yaya,

Ina gaisuwa. Wannan wasiƙar ban karanta wa kowa ba, ni kaɗai na sha kukana.

Kada ki aiko. Tunda kun sayi gida yanzu, ki binne ta a bayan ɗakinki, ki yi bismilla kamar yadda muka yi. Goggo ki bar ni da ita.

Tsoron bai bar ni ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma in har wata rana zai tafi ya bar ni, gara ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Khadijatu