Zinarena a Bakin Ƙadangare

Yaya Mastura, ki taimake ni kafin in yi wa Baban Sanjar abin da za a ji mu a rediyo.

Shekara uku ke nan da haƙorana na gaba suka zube, in zan yi dariya sai na kai gefen ɗankwali baki. Ga bikin ɗana Sanjar ya matso, kuma kin san a garinmu uwar ango ba ta zama gaban farantin shinkafar palof da giɓi a baki. Sai maigidan ya ce in kwantar da hankalina, zai ranto a manhajar wayar nan da ta cika gari, wadda mutane ke ranta wa juna ba ruwan banki. Yanzu har mai gurasar layinmu ya zama mai ba da rance. Ana rubuta dalili kowa ya gani, shi kuwa ya rubuta ɓaro-ɓaro: haƙoran zinare na matata. Kafin la'asar kuɗi sun haɗu. Na yi kukan daɗi, har samsa, samosar nan tamu mai nama, na gasa masa.

To shi direba ne, yana kai masu tonon ƙasusuwan zamanin da cikin hamadar Kizilkum. Ana cikin haka ya tsinci wani dogon muƙamuƙi da ya zama dutse, ya naɗo shi a rigar sanyi ya ɓoye. Ya ji suna cewa irinsa na wani ƙadangare ne mai fukafukai da ya shuɗe tun fil azal. Ya juya shi, ya leƙa, babu haƙori ko ɗaya. Wai wa zai sayi baki wayam? Yaya, wallahi sai mutumin nan ya kwashi kuɗin haƙorana ya kai wa Usta Holmurod mai sa haƙori, aka liƙa wa ƙadangare zinare reras. Wai in ya sayar zai yi min baki biyu.

Da ya nuna wa malamar da ke jagorantar tonon ko za ta saya, tana gani sai da aka ba ta ruwa. Ashe halittar haka Allah ya yi ta, ba ta taɓa yin haƙori ba, rashin haƙorin ma shi suke nema.

Abin da ya fi ci min rai, cikin waɗanda suka ba da rancen har da uwar amarya, Gulchehra. Kullum ta zo shan shayi idonta na kan bakina, tana tambaya ko Usta bai gama ba ne, ni kuwa sai gyaɗa kai. Ga ƙadangare ajiye a saman talabijin ɗinmu yana yi min murmushi. In yi yaji gidan yayana ne, ko in ƙirƙiri ciwo in ƙi zuwa bikin ɗana?

Mai Rufe Baki, Uchkuduk

'Yar'uwa Mai Rufe Baki,

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, sannan na ji tausayinki, domin mace ta shekara uku tana ɓoye dariyarta ba ƙaramin abu ba ne.

Mijinki wauta ya yi, ba mugunta ba. Ya taso inda in mutum ya samu a bakinsa ake fara gani, sai ya auna ƙadangare da ma'aunin garinsu. Amma ya ɗauke abin da ba nasa ba daga wurin aikin mutane, kuma ya gaya wa maƙwabta dalili ɗaya ya kashe a wani. Waɗannan ba banki ba ne, mutanen da zai haɗu da su ne a masallaci da gidan gaisuwa. Ke ma da naki, don gyaɗa kai bai taɓa kashe magana ba.

Kada ki je gidan yayanki. Gobe ki tasa shi gaba zuwa wurin Usta Holmurod, malamar na tsaye, a ɓamɓare zinaren a hankali kada ƙashin ya fashe. Ƙashi ya bi malama tare da ban haƙuri. Zinare a narka, a auna bakinki. Kuɗin aiki na biyu ya fito daga na tabarsa, kada ya sake taɓa manhajar nan.

Gulchehra kuma ki kira ta, ki zuba mata shayi, ki ba ta labarin da bakinki kafin ta ji a kasuwa. Za ta yi dariya, ki bar ta ta yi. Don ki yi murmushi ta ba da kuɗinta, ba maƙiyiyarki ba ce.

Allah ya sanya alheri a bikin. Ranar ki zauna a gaba, ki saki gefen ɗankwalin nan, ki buɗe baki. Duk faɗin Uchkuduk ke kaɗai za ki iya cewa haƙoranki sai da dodo ya gwada miki su tukuna.