Kukan Kurar Rijiyarmu

Narayi, Kaduna,
14 ga Yuli, 1999.

Zuwa ga 'yata Rhoda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, zafin Maiduguri bai gama narkar da ke ba. Allah ya ƙara miki lafiya da buɗin kai. Mu nan kalau. Sojoji sun koma bariki, farar hula sun hau, amma ruwan famfon da aka yi mana alkawari lokacin kamfen yana hanya, ina jin a ƙasa yake tahowa. Ciwon bayan Mamanki da sauƙi, sai dai likita yana kan bakansa, kada ta ƙara taɓa igiyar guga.

Wasiƙarki ta iso, na haɗa tabarau da ilimina na aji huɗu na karanta. Kurar jan ruwan nan mai ƙafafun ƙarfe da kika ɗaura mana a rijiya tana aiki, guga ya zama kamar ba komai a ciki. Sai yanzu kuma na gane wannan belositi reshiyo naki, wato in ja igiya kamu huɗu kafin guga ya hau kamu ɗaya. Ranar farko igiyar ta taru ta harɗe ni, na zauna a kwata. Yanzu sai in saɓa ta a kafaɗa in yi ta tafiya, in fice ƙofar gida, ina kaiwa teburin Malam Isiyaku mai shayi guga ya iso baki, Mamanki ta karkata shi cikin baho daga zaune. Malam Isiyaku ya ce ya sha ganin mutum yana jan akuya, bai taɓa ganin wanda rijiya ke kiwo ba sai ni.

Kin ce kukan da kurar ke yi ƙarfina ne tsatsa da gogayya ke cinyewa, shi ya sa ifishensi, wato ingancin aikinta, ya faɗi, in zuba mata baƙin mai. Na yarda, har na sayo. Amma kin san Mamanki. Ran Talata ina aski a bayan ɗaki na ji ƙiii, na fito da kumfa a fuska, na same ta duƙe da igiya a hannu. Ta ce wai gwadawa take, kuma tun ba a haife ki ba take jan ruwa. Ba shi ne na ƙarshe ba. Yanzu ita ke matsa mini in zuba man, wai ƙarar na sa mata ciwon kai.

Saboda haka mai yana ƙarƙashin gado. Kukan kurar shi ne maigadina. Ƙarfin nan da ke salwanta, abincin maigadi ne, kuma maigadin ba ya gyangyaɗi. In za ki amsa kada ki ambaci mai, don Mamanki ta fi ni saurin karatu.

Ki gai da Kawu Benson da Anti Judith da yaransu. Mamanki na gaishe ki. Bari in tsaya nan, ga ƙiii can daga tsakar gida.

Ni ne babanki, injiniyan rijiya,
Sylvanus.